Saƙon Muryar da Aka Gutsure

Kwana goma sha ɗaya ke nan da Alhaji Mahmuda ya sallami baffannin Armiya'u daga zaurensa, da goronsu da alawarsu, bai ko bari an kwance ƙullin ba.

Sa'ida tana bayan ƙofar tsakar gida a ranar, babu abin da ya wuce kunnenta.

"Yaro dai ban san shi da wani aibi ba," in ji mahaifin nata. "Amma ni ba ni ba da ɗiyata ta tahi inda ba ni iya zuwa in gano ta. Kuma kun san abin da anka yi ma ƙanena bisa hanyar Zurmi. Ku yi mani haƙuri."

Babu wanda ya ambaci cewa baƙin Fulani ne. Ba sai an ambata ba. Suka sa takalmansu, suka hau baburansu, suka kama hanyar Shinkafi tun rana ba ta yi sanyi ba.

Tun ranar Sa'ida ba ta ƙara cin abincin kirki ba. Takan je makarantar da take koyar da kwamfuta a nan Kaura Namoda, ta dawo, ta shige ɗaki. Abu guda kawai ta ƙi bari, shi ne wasan ranar Juma'a.

Wasan labari suke kiransa. Wata 'yar bautar ƙasa ce ta koya mata shi suna makaranta. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi. In abin mai haɗari ne, sai mai jan labari ta jefa ƙwayar ludo: ɗigo mai yawa an yi nasara, kaɗan kuwa an sha ƙasa. A da tabarma guda suke zama su shida. Da aka gama karatu, hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga, sai kowa ya maƙale inda yake. Kulsumu tana koyarwa a Sakajiki, 'yan biyun gidan liman suna Gusau, Mubashir yana shagon wayoyinsa a Zurmi. Armiya'u kuwa malamin dabbobi ne a wani ƙauye gaba da Galadi, inda sai ya hau wani tudu bayan gari kafin wayarsa ta kama sabis.

Sai Sa'ida ta mayar da wasan cikin waya. Kira ba ya ɗorewa, don haka da saƙon murya ake yi, bi da bi, daga saukowa masallaci zuwa la'asar sakaliya. Ita ke jefa ƙwayar a kan faranti, ta ɗauki bidiyo ta tura, don kada wani ya ce ta yi son kai. Shekara biyu suna cikin labari guda, na Birnin Dargaza, garin da ta zana da hannunta a littafi, wanda wani dodo ya ƙwace ya kulle rumbunansa.

Armiya'u maƙeri ne a labarin. A wurin maƙerin nan ta fara jin irin zuciyarsa, tun bai furta mata komai ba.

Wannan Juma'ar ta shimfiɗa darduma, ta buɗe littafi, ta danna waya.

"Jama'a, kuna gindin ganuwa, inda muka tsaya makon jiya. Rana ta karkata. Maƙeri, kai ke da magana."

Ta jira. Minti biyar, minti goma. Saƙon bai ko isa wayarsa ba.

'Yan biyu suka turo dariya, wai maƙeri ya tsorata. Can sai ga rubutu ƙarami a ƙasan guruf ɗin: Mubashir ya fita.

Tana kallon rubutun sai ga kiran Kulsumu ya shigo.

"Sa'ida, kina zaune?"

"Me ya faru?"

"Yanzu wani malami ya kunna mana wata murya a ofis. Wai ta wani mai kai wa 'yan bindiga bayani ce da aka kama wajen Galadi jiya. Duk wayoyin Shinkafi an tura ta. Sa'ida, wallahi muryar Armiya'u ce."

Ta turo. Daƙiƙa goma sha huɗu ce kacal. Muryarsa ce, a hankali, ƙasa-ƙasa, yadda yakan yi in ya shiga rigar maƙeri.

"Mu bari sai masu gadi sun tafi sallah. Su huɗu ne kawai a ƙofar gabas. In mun shiga mu fara da rumbuna, kada kowa ya yi motsi sai na ba da alama."

Shi ke nan. An cire muryarta da ta zo kafin wannan, an cire dariyar da ta biyo baya.

Wayar ta suɓuce daga hannunta ta faɗa cikin faranti.

* * *

Washegari da hantsi Mubashir ya zo, don ta aika masa cewa in bai zo ba ita za ta je Zurmi ta tsaya ƙofar shagonsa. Ɗan aminin Alhaji Mahmuda ne, ya daɗe yana sonta, ya kuma daɗe da sanin amsarta. Suka tsaya a soro, ita ta jingina da bango, shi yana ta juya makullin babur.

"Mu shida ne a guruf ɗin, Yaya Mubashir. Ka dube ni ka ce ba kai ba ne."

Bai dube ta ba.

"Mutum guda na tura wa," ya ce. "Direban da ke kawo wa Babanku kaya. So na yi ya kunna masa, don Baba ya ƙara riƙe maganarsa ta ƙin Armiya'u. Iyakarta ke nan, na rantse da Allah. Ban san zai watsa ba."

"Kai ka gutsure ta?"

Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da juya makullin.

"Kana wurin ranar! Kai ne maharbin da ya ce a bi ta ƙofar gabas ɗin. Shi cewa ya yi a jira. Kai ka fi kowa dariya da ƙwaya ta ba shi biyu ya faɗa rami!"

"Sa'ida, shekara huɗu ina binki. Shekara huɗu. Kullum Juma'a ina zaune cikin shago ina jin yadda muryarki ke canzawa in kin ce maƙeri. Kin san yadda wannan yake? Ni ma mutum ne."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"To ka zama mutum yau. 'Yan sa-kai ne ke riƙe da shi. Ka san abin da suke yi wa wanda aka ce mai kai bayani ne. Zo mu je ka faɗa musu da bakinka."

Ya ja da baya kamar ta watsa masa ruwan zafi.

"In je ina? In ce ni na haɗa musu ƙarya? Ai ni za su ɗaure a madadinsa. Ina da uwa, Sa'ida."

"Shi daga sama ya faɗo?"

Ya fita, ta ji ƙarar babur ɗinsa har ta ɓace.

Da ta juyo sai ta ga mahaifinta tsaye a bakin ƙofar turakarsa, carbi a hannu. Daga fuskarsa ta gane ya ji duka.

Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka ji da kunnenka. Ƙazafi ne. Duk saƙonnin suna wayata, littafin yana ɗaki. In na kai musu za su gane. Ka bar ni in je."

"Ki je ina? Gaban Galadi? Ke kin san ko gawa nawa anka kwaso bisa hanyar nan cikin watan ga?"

"Na sani, Baba."

"Kuma ki tsaya gaban maza ki ce mi? Ki ce ni ɗiyar Mahmuda, shekara biyu ina jefa ƙwayar caca da samari cikin waya? Wanga shi na abin da za ki kai ma duniya?"

"Ba caca ba ce, Baba, ko sisi ba a sawa. Tatsuniya ce kawai."

"Tatsuniya ta kai ɗan mutane ga igiya."

Wannan ta soke ta, don gaskiya ce. Ita ta zana ƙofar gabas. Ita ta sa masu gadi huɗu. Da ta ce bakwai ne, ko ta ce ƙofar yamma, da wataƙila yanzu yana can yana yi wa shanu allura.

"Shi ya sa ni ya kamata in je," ta ce. "Baba, da aka kawo Baffa Nafi'u ka ce da a ce mutum guda ya tsaya a hanyar nan ya ɗauke shi, da bai zubar da jininsa duka ba. Ka ce ba ka yafe wa motocin da suka wuce ba. Kada ka sa ni in zama motar da ta wuce."

Innarta da ke bakin murhu ta toshe baki da gefen zane. Ba a ambaton Nafi'u a gidan nan.

Alhaji Mahmuda ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba.

"Ni ban ce yaron ga ɓarawo na ba," ya ce a hankali. "Amma ki ji. Ko sun sake shi, sunan ya riga ya manne mishi. Yau an sake shi, gobe in anka kai hari wani ƙauye shi za a fara nema, da shi da matarshi da ɗiyanshi. Na binne ƙane. Ba ni binne ɗiya."

Ya ɗago ya dube ta.

"Kawunki Maitama na lodin Shinkafi gobe da sahe. Shi kai ki, shi maido ki kafin la'asar. Amma sai kin ɗauko Alƙur'ani kin dafa. Daga kin hito garin nan, ke da Armiya'u har abada. Ba aure, ba waya, ba saƙo, ba wasa. In kinka karya, ban yahe miki ba, duniya da lahira."

"Alhaji!" in ji Inna.

"Ke yi shiru, Balaraba."

Sa'ida ta dubi mahaifiyarta, ta dubi ƙasa. Ta so ta roƙa, ta so ta ce a ba ta kwana biyu ta yi tunani. Amma yau kwanansa biyu a hannunsu, kuma ba ta san ko akwai na huɗu ba.

Ta tashi ta yi alwala. Ta shiga ɗaki ta ɗauko Alƙur'anin da kanta.

* * *

Ba a barin tasha sai motoci sun taru, a tafi a jere. Ƙarfe takwas suka ɗaga. Kawu Maitama bai kunna rediyo ba, fasinjoji ma babu mai hira. Kowa idonsa na kan daji. Gero ya yi tsawo a wasu gonakin, wasu kuwa ciyawa ce ta cinye su, ba a ko yi shuka ba. Suka wuce wani ƙauye da babu ko kaza, rufin ɗakunan duk ya ƙone.

Daga Shinkafi suka hau babura biyu. Mai babur ɗin Sa'ida da ya ji inda za su, sai ya ce, "Wurin infoman nan? Ai jiya na ji muryarshi. Allah shi tona asirinsu duka." Sa'ida ta ƙanƙame jakarta.

A ƙofar gidan mai gari suka tarar da jama'a. Wata tsohuwa tana zaune nesa da kowa a gindin bishiyar bedi, da ƙwarya rufe da faifai a gabanta. Sa'ida ba ta taɓa ganinta ba, amma ta gane goshin. Mahaifiyar Armiya'u ce, wadda yake kira Dada. Kwana uku tana kawo masa fura ana mayar da ita.

Shugaban 'yan sa-kai wani siririn mutum ne mai jajayen idanu, da bindigar gida rataye a kafaɗa. Kawu Maitama ya yi gaisuwa, ya faɗi ko su wane ne, ya ce yarinya tana da magana. Mai gari ya ce a ba ta tabarma.

Ta fara bayani. Sai ta bar bayanin, ta ɗaga waya, ta kunna saƙon da ya zo kafin nasa. Muryarta ta cika fili.

"Kuna gindin ganuwar Birnin Dargaza. A ƙofar gabas akwai masu gadin dodo su huɗu, masu kan kura da ƙafar jaki. Cikin rumbunan ne aka kulle hatsin talakawa. Maƙeri, me za ku yi?"

Ta kunna nasa, wanda kowa a wurin ya haddace. Ta kunna bidiyon faranti, ƙwaya ta yi birgima ta tsaya a kan biyu. Sannan muryar Kulsumu tana shewa, wai maƙeri ya faɗa ramin masai, da muryar Armiya'u kansa yana dariya yana cewa a jefo masa igiya.

Wani saurayi a baya ya yi dariya, ya yi maza ya haɗiye.

Shugaban bai ko motsa ba.

"Malama, kin gama?" ya ce. "Su ma mutanen daji ba su kiran abu da sunanshi. In sun ce goro, harsashi suka nuhi. Garin ga ta gabas aka shigo mishi. Yaranmu huɗu ka gadi wurin. Rumbunanmu na nan bayan masallaci. Kuma duk Juma'a, sa'ad da maza ke masallaci ko sun sauko, muna ganin yaron ga bisa tudu shina raɗa cikin waya. Watan jiya anka shigo muna ta gabas ɗin. Ɗana na cikin huɗun. Ki hwaɗa mani kan kura."

Sa'ida ta sunkuyar da kai.

"Allah ya jiƙansa," ta ce. "Allah ya ba ka haƙuri, Baba. Ba ni da abin da zan ce a kan wannan."

Ta buɗe jaka ta fito da littafin, ta miƙa wa mai gari da hannu biyu. Bangonsa ya tsufa, gefen takardun ya yi baƙi. Ga taswirar birnin, ga kogi, ga kasuwar aljanu, ga sunan kowane mai wasa da ranar kowace Juma'a tun shekara biyu.

"Littafi ana iya rubuta shi dare ɗaya," in ji shugaban.

"Haka ne. To ga wata hanya. Akwai wata malama a Sakajiki, Kulsumu, ita ma tana cikin wasan. Ba ta san na zo nan ba, Baba ya hana ni faɗa wa kowa. Ka riƙe littafin, ka riƙe wayar. Ka kira ta da kanka, ka buɗe duk shafin da ka ga dama ka tambaye ta. Ni ba zan buɗe baki ba. In ta saɓa ko sau ɗaya, ku ɗaure ni tare da shi."

"Ke!" Kawu Maitama ya daka mata tsawa.

Mai gari ya dubi shugaban. "Babu laihi ga gwadawa, Sanda."

A cikin gari babu sabis. Dole aka ɗunguma zuwa tudun, mai gari da sandarsa, 'yan sa-kai da bindigoginsu, jama'a na biye. A saman akwai wani faffaɗan dutse da ya yi santsi saboda zama. Sa'ida ta dube shi sau ɗaya ta kau da kai. Nan yake zama ke nan. Daga nan duk muryoyin suka zo mata.

Sau uku kiran na yankewa. A na huɗu Kulsumu ta ɗauka.

Wani ɗan sa-kai mai karatun boko ya riƙe littafin. Ya buɗe tsakiya.

"Wa ke riƙe da makullin rijiya?"

Da alama Kulsumu ta tsorata da baƙuwar murya. "Wace rijiya? Ta Dargaza? Tsohuwa mai ido ɗaya ce. Amma ta sayar wa maharbi bara da azumi."

Ya duba, ya gyaɗa kai. Ya buɗe wani shafin.

"Mi anka yi ranar sha biyu ga watan uku?"

"Kwanan wata ba zan riƙe ba. Me aka zana a shafin?"

"Jirgin ruwa."

"To ranar da muka haye kogi ce, jaki ya faɗa ruwa da guzurinmu duka. Maƙeri ne ya shiga ya ciro shi. Don Allah wane ne wannan? Ina Sa'ida? Yana da rai?"

Tambaya bakwai aka yi mata. Ta shida ta ce ta manta, ta bakwai ta faɗa har da abin da ba a rubuta ba. Sanda ya karɓi littafin, ya daɗe yana kallon zanen masu gadin nan masu kan kura, duk da ba ya karatu. Sannan ya mayar wa Sa'ida.

"Manyan mutane da ku," ya ce, muryarsa a dushe. "Ana kashe mu, kuna wasa."

Ya juya ya fara gangarawa. Sai da ya yi nisa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ku kwance shi."

* * *

Mutum biyu ne suka riƙo shi daga wani ɗakin ajiya. Da ba a ce shi ne ba, da ba ta gane shi ba. Ido ɗaya ya rufe ruf. Hannunsa na dama, wanda yake allura da shi, yana lilo kamar ba nasa ba. Mahaifiyarsa ta rarrafo ta rungume ƙafafunsa tana magana da Fulatanci, tana kuka marar sauti.

Aka zaunar da shi a gindin bedin. Ya sha furar kaɗan. Sai ya ɗaga idon da ya rage ya ga Sa'ida, ya yi ƙoƙarin murmushi, leɓensa ya tsage.

"Malama. Ke ce kika biyo hanyar nan?"

"Ni ce."

"Baba ya bari?"

"Ya bari."

Ya lumshe ido. "Alhamdulillahi. To ai ya gane ke nan. Na faɗa wa Dada, na ce mutumin kirki ne, tsoro ne kawai. In na ɗan warware sai su Baffa su koma. Wannan karon…"

"Armiya'u."

Ba ta taɓa kiran sunansa haka gatsau ba. Ya buɗe ido.

Ta durƙusa nesa kaɗan da shi, ta faɗa masa. Ba ta rage komai ba: turmin, Alƙur'anin, kalmomin mahaifinta ɗaya bayan ɗaya. Tana faɗa hawaye na ɗiga a kan jakar da ke cinyarta.

Ya zuba mata idon nan guda har ta zaci bai fahimta ba.

"Rantsuwa tana da kaffara," ya ce. "A ciyar da mutum goma. Zan sayar da babur."

"Ba rantsuwar kaɗai ba ce. Cewa ya yi bai yafe ba."

"Da kin bar ni."

"Kada ka ce haka."

"Wallahi da kin bar ni, Sa'ida. Kwana uku suna dukana in faɗi sunan wanda nake wa magana. Ban faɗa ba. Na ce ko za su kashe ni ba za a ji sunanki a bakina a wurin nan ba. Abin da na riƙe ke nan. Ina cewa in na fita, ina da inda za ni. Yanzu ina za ni?"

"Ga Dada nan," ta ce cikin kuka. "Dube ta. Kwana uku tana gindin bishiyar nan. Wurinta za ka."

Tsohuwar ba ta jin Hausa sosai, amma ta ji an ambace ta. Ta miƙo hannu ta kama na Sa'ida, ta juya tafin, ta tofa addu'a a ciki, ta rufe mata yatsun.

Mai gari ya matso, ya rage murya. Ya ce shi dai ya gamsu, amma muryar ta riga ta zaga ƙauyuka, kuma ba kowane ƙauye ne aka hau tudu ba. Shawararsa, kafin kasuwa ta ci, su tattara su haye wajen dangin uwarsa a Nijar. Ba zai iya lamunce ran yaron a kan kowace hanya ba.

Armiya'u ya saurara kamar maganar wani ake yi.

"Ke Sa'ida," in ji Kawu Maitama daga inda babura suke. "Rana ta juya. In motoci sunka tashi babu mu, kwana za mu yi Shinkafi, kuma na yi ma babanki alkawari."

Ta miƙe.

"Malama," ya kira ta. Ta tsaya, ba ta juyo ba. "Kin fita garin tukuna?"

"Ban fita ba."

"To har yanzu halal ne ki amsa mini. Da Baba ya yarda, da kin zo? Nan ɗin, da tudun, da komai?"

"Da na zo," ta ce. "Ko a ƙafa."

Ba ta jira abin da zai ce ba. Ta hau babur, ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Sai da motarsu ta kusa Kaura sabis ya dawo sosai. Wayar ta yi ta kaɗawa a cikin jaka. 'Yan biyu suna tambaya, Kulsumu ta turo saƙo ya fi ashirin. Mubashir ma ya turo guda: "An sake shi?" Ta goge ba ta amsa ba.

Ta buɗe guruf ɗin, ta gangara kan sunayen. Lambarsa na nan da hoton wani ɗan maraƙi da ya taɓa karɓar haihuwarsa. Wayar tasa an farfasa ta tun ranar farko, ta sani, babu abin da zai gani. Duk da haka yatsanta ya daɗe a kan sunan.

Ta danna. Ta cire shi.

Nan take Kulsumu ta rubuto: "Innalillahi. Sa'ida, me ya faru? Ya rasu ne?"

Motar ta shiga kwanar tasha, masu talla suka yo kanta. Daga tagar ta hango mahaifinta tsaye a bakin rumfar direbobi, cikin rana, yana leƙa kowace mota da ta shigo. Inna ta gaya mata daga baya cewa tun azahar yake wurin.

Ta share fuska da gefen mayafi, ta rubuta:

"Yana da rai. Kada wanda ya ƙara tambayata shi."